Bindiga Mai Ƙofa

Shekarun baya, tun muna zaune a unguwar Karantina ta birnin Jidda cikin ɗakunan katako da langa-langa, tun ruwan sha ma sai an sayo shi a garwa, wani abu ya faru a ƙofar gidanmu wanda ya tafi da idanun mahaifina. Na faɗi ƙarshen tun da wuri ne don kada wani ya gyara zama yana jiran labari mai daɗi. Duk manyan da abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, shi ya sa yanzu bakina yake iya faɗarsa.

Mijina maƙeri ne, ɗan Hausawan Sudan, yana aiki a wata warsha a unguwar Sa'alaba inda ake ƙera ƙyamare da tagogin ƙarfe. A can muka zauna bayan aure. Mutum ne mai sanyin hali. Ba ya shan taba, ba ya zaman gahawa, ko faɗa na ja shi da shi sai ya bar ni in yi ta yi ni kaɗai har in gaji. Lalurarsa guda ce, tsofaffin bindigogi, kuma ba kowace iri ba. Akwai wasu na sojojin da, waɗanda asalinsu ta baki ake ɗura musu albarushi a danna da sanda. Da zamani ya canza, sai masu su suka ƙi zubar da su, suka yanke gindin bututun suka sa masa wata 'yar ƙofa ta ƙarfe mai buɗewa gefe, ta nan ake zura harsashi a rufe. Irin waɗannan yake bi, yana ce musu masu ƙofa.

Da an sauko daga aikin hajji, Larabawan ƙauye da alhazan Yaman sukan zube tarkacensu a kasuwar gwanjo, to ranar ba na sa ran ganinsa da wuri. Mutanen duwatsu masu wasan harbi a biki ba sa son masu ƙofa, sun fi son na ɗuri zalla. Masu farauta kuwa sababbi suke nema. Don haka babu mai ja da shi a kansu. Sai ya shigo da ita a naɗe cikin buhu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir, ya zauna a tsakar gida da kananzir da tsumma yana kankare tsatsa. Man keken ɗinkina bai taɓa kai wata ba a gidan nan, duk a jikin bindiga yake ƙarewa. Bindigogin sun taru a bayan gadonmu har sai da na daina sharar wurin, kuma ko sau ɗaya bai taɓa harba ɗaya daga cikinsu ba.

Ni amarya ce a lokacin, hira nake so, amma abin da nake samu darasi ne. Sai ya ɗora bindiga a cinya ya ce, “Zo ki gani. Nan aikin maƙerin farko ya ƙare, nan na biyu ya kama. Ba su taɓa haɗuwa ba, amma dubi yadda hannunsu ya zo ɗaya.” Ni kuwa ina hamma ina cewa na gani. Abin da ya fi nanatawa shi ne ƙofar. Yakan buɗe ta da ɗan yatsa ya ce, “Kin ga ba ta da sakatar kirki. Ɗan abin da ke cikin harsashi kaɗai aka yi ta ta ɗauka. Duk wanda ya ɗura mata ta baki irin na da, wutar ba gaba za ta yi ba, fuskarsa za ta nema.” Da karatun allo aka yi mini naci haka, da tuni na zama malama.

Mahaifina kuwa ɗan gidan maharba ne a ƙasar Hausa. Da ƙafa ya taso shi da mahaifiyata, suna tafiya suna yada zango suna noma, har suka tsallako teku. A hanya ya rabu da bindigarsa, kuma tun daga ranar bai sake riƙe wata ba. A Jidda ga-ruwa ya zama, garwa biyu da sanda a kafaɗa, yana bi gida-gida har wuyansa ya yi kanta. Bai taɓa kuka da sana'ar ba. Amma idan tsofaffi suka taru bayan la'asar aka ɗauko zancen daji, muryarsa takan canza, ni ma daga cikin ɗaki nakan ji.

Daga cikin ɗaki nake jinsa kullum, domin ni 'yar fari ce. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zaunar da ni ya yi hira da ni ba. Idan yana son ruwa sai ya ce wa bango, “Babu kowa ne a gidan nan?” ni kuma in kawo in ajiye in juya. Da a gida ne, da an miƙa ni ga kakanni su rene ni, to a ƙasar mutane babu kaka, sai na tashi a gabansa muna kewaye juna kamar masu bin bashi. Mahaifiyata dole ta sassauta tata kunyar, don ba ta da wanda za ta miƙa wa goyona. Ba ƙiyayya ba ce. Na sha farkawa in tarar da dabino a gefen matashina, na kuma san wanda ya ajiye.

Tsakaninsa da mijina abin ya fi haka tsanani. Idan mijina ya hango shi a lungu sai ya canza hanya, idan kuma babu hanyar canzawa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa kansa a ƙasa har ya wuce. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta bi ta bakin abokin mijina, wanda ya yi masa abokin ango, ta faɗa kunnen mahaifiyata, sannan ta isa.

Da cikina ya tsufa aka mayar da ni gidan iyayena, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, na kuwa haifi namiji. A gidan su mahaifina akwai al'ada, idan aka haifi jika namiji na farko, kakan ba ya ɗora ido a kansa sai ranar suna, bayan ya fita ƙofar gida ya harba bindiga sama, duk gari ya ji cewa gidan maharba ya ƙaru. Mun ɗauka ya bar wannan a can inda ya baro. Sai ga shi ya ce wa mahaifiyata, “An ce yaron nan yana tara bindigogi. A ce ya aro mini ɗaya.” Tunda aka ɗaura aurenmu bai taɓa neman ko allura a wurin mijina ba.

Washegari da hantsi, da ya tabbata mahaifina ya fita da garwarsa, mijina ya lallaɓo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin da nake jego. Ko jaririn bai tambaya ba. Ya ce, “Kin ji abin da Baba ya aiko?”

Na ce, “Na ji. Ka ce duk sun lalace.”

“In yi wa Baba ƙarya? Abu ɗaya ya taɓa roƙona a duniya.” Sannan ya ce ya yi dabara. Yana da wasu tsofaffin harsasai, ya cire dalmar ɗaya ya rage albarushin, ya bar ɗan abin da zai yi ƙara kawai. Zai sa shi a ciki ya rufe ƙofar da hannunsa, abin da ya rage wa Baba ya ja kunama. “Amma wallahi kada ya ƙara mata komai ta baki. Ko ƙwaya.”

Na ce, “To ka faɗa masa da bakinka, ka nuna masa ƙofar.”

Ya dube ni kamar na ce ya hau minbari. “Ni in tsaya gaban Baba in koya masa bindiga? Mutumin da aka haifa da ita a hannu? Ke ki faɗa masa mana.”

“Ni?”

Sai muka yi dariya mu biyu, irin dariyar da ba ta kai ciki. Mu kaɗai ne a duk lungun muka san halin bindigar nan, kuma mu ne mutum biyun da ba su da bakin yi masa magana.

Ana gobe suna abokin mijina ya kawo ta a cikin buhu. Shi haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi da rabi ce, amma ya isar da saƙon yadda aka ba shi. Ina ji ya ce wa mahaifiyata, “Ya khala, ki ce wa ammi halas, an sa mata komai a ciki. Kada ya zuba albarushi ta baki, abadan. Wannan ba irin ta da ba ce, wallahil azim tana fashewa ta baya.” Mahaifiyata ma ba ta rage komai ba. Bayan magariba ta kai wa mahaifina tuwo, ta durƙusa ta faɗa masa tiryan-tiryan, katako ɗaya ne tsakanina da su. Can sai ya ce, “Na ji.” Na sauke ajiyar zuciya, na ce a raina ashe abin bai kai yadda muka ɗauke shi ba. Ban sani ba tun ranar da na haihu ya je wurin wani mutumin duwatsu ya samo albarushinsa, yana nan a ɗan gora cikin aljihunsa.

Ranar suna da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a lungu, maza suka cika shi, ana zagayawa da dabino da goro da shayi. Mijina ba ya nan. Uban ɗan fari ba ya zama a wurin suna, kunya ce, tun asuba ya gudu warsha ya ɓuya. Abokinsa yana bayan gida wurin masu fiɗar rago. Mahaifiyata tana gidan maƙwabta inda aka ɗora tukwane. Ni kuma na fito daga wankan ruwan zafi ke nan, jikina duk ya mutu, ina zaune da jariri a cinya tsakanin wasu tsofaffin mata. Aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro sunan mahaifina. Sai na ji lungun ya yi tsit, na kai idona wata kafa da ke tsakanin katakai.

Mahaifina ya fito cikin wata tsohuwar riga mai layu wadda ban taɓa ganinta a jikinsa ba, ashe tana ƙasan akwatin mahaifiyata duk shekarun nan. Kafaɗun da garwa ta lanƙwasa sun miƙe. Gaskiya ya yi kyau, ban taɓa ganinsa da kwarjini irin na ranar ba, har na ji hawaye ya zo mini. Wani tsoho abokin hirarsa ya ce, “Yau dai za mu ji ta bakin maza.” Mahaifina ya yi murmushi ya ce, “Ɗan abin da yara suka sa a ciki ko kaza ba zai tayar ba. Jikana ne fa. Sai an ji shi har bakin teku.” Ya dasa gindin bindigar a ƙasa, ya fito da goran, ya kafa shi a bakinta ya tuttula. Ya yagi tsumma ya cusa, ya zaro sandar da ke manne a ƙarƙashin bututun ya shiga dannawa, hannunsa yana tafiya kamar jiya ya bari.

Ban san lokacin da na ajiye yaron ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta riƙo zanena tana cewa, “Ke, ina za ki? Mai jego ce fa, maza ne a waje.” Na fizge. Na ɗaga labulen ƙofar gida, kaina ko ɗankwali babu, na buɗe murya iyakar ƙarfina na ce, “Baba! Baba, kada ka harba!”

Duk mazan da ke lungun suka juyo suna kallona. Wani ya ce, “Subhanallahi, ba 'yar farin ba ce?” Mutum ɗaya ne bai juyo ba. Ina kallon ƙeyarsa, na ga wuyansa ya ƙage. Na sake kira. Ya ɗaga bindigar ya kai ta kafaɗa, ya kwantar da kuncinsa a kanta, ya saita sama.

Ƙarar ba irin wadda ake jira ba ce, wata iri ce mai kauri kamar an yar da babbar tukunya. Hayaƙin da ya kamata ya tashi sama sai ya lulluɓe kansa. Bai faɗi ba. Ya saki bindigar, ya zauna a ƙasa a hankali, ya rufe fuskarsa da hannu biyu yana salati, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa. Ƙofar nan da mijina ya yi ta nuna mini tana can gefe a cikin ƙasa, ta rabu da jikin bindigar.

A bayan motar wani maƙwabci aka kai shi mustashfa, wato asibiti. Likitoci suka yi ta tsintar ƙarfe da ƙwayoyin albarushi a fuskarsa. Ido ɗaya ya tafi tun a ranar, ɗayan ya rage yana bambanta rana da inuwa, daga baya shi ma ya rufe. Ragon suna maƙwabta ne suka raba, a gidanmu babu wanda ya iya kai loma baki. Kafin azahar shurɗa, 'yan sandan ƙasar, suka zo, suka wuce Sa'alaba suka kwashe bindigogin kaf, suka tafi da mijina. Na zauna da ɗanyen jego, uba a gadon asibiti, miji a tsare, ana ta raɗe-raɗin za a karɓe iƙamarsa, takardar izinin zama, a mayar da shi Sudan. Kukan da na yi a kwanakin nan har nonona ya ɗauke.

Mahaifina ne ya fitar da shi. Fuskarsa a naɗe da bandeji ya sa aka kira masa mai binciken, ya ce, “Yaron nan ya aiko a hana ni, matata ta faɗa mini, na ce na ji. Ni na ɗura da hannuna. Idan akwai wanda za a ɗaure, ga ni.” Kafilin mijina ma, ɗan ƙasar da yake zaune da sunansa, ya tsaya masa, aka sake shi. Bindigogin ba a dawo da su ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ko hanyar kasuwar gwanjo bai sake bi ba har ya bar duniya, kuma man kekena ya riƙa kaiwa har ya yi kauri a kwalba.

Da aka sallamo mahaifina, aka miƙa masa jaririn. Ya shafa kansa, ya shafa kunnuwansa da hancinsa, ya ce, “Wannan hancin namu ne.” Iyakar ganin da ya yi wa jikansa ke nan.

Mun bar Sa'alaba muka kama ɗaki a lungun iyayena a Karantina, domin garwa ta faɗi, sai mijina ya ɗauki gida biyu. Shi ne kuma ya zama ɗan jagoran mahaifina zuwa masallaci. Da farko haka za su je su dawo babu mai cewa uffan, mijina yana gaba kansa a sunkuye, sanda a tsakaninsu. Sannu a hankali magana ta fara fita. Wata rana na leƙo na tarar da su zaune a tabarma ɗaya, mahaifina ya ce masa, “Wai ƙofar nan, yaya take aiki ne?” Babu bindigar da za a nuna, sai mijina ya kama tafin hannunsa yana zana masa da ɗan yatsa, nan bututu, nan aka yanke, nan take buɗewa. Mahaifina yana gyaɗa kai, ya ce, “Ai ka ga da na sani.” Na koma ɗaki na toshe bakina da zane don kada su ji ni.

Ni kuwa tsakanina da shi babu abin da ya canza, sai da yaron ya isa shiga makaranta. Ran nan da la'asar mahaifiyata ta tafi unguwa, na kai masa ruwan alwala na ajiye zan juya, sai ya ce, “Ke.” Na tsaya, ina tunanin ko da wani yake. Ya ce, “Zauna.” Na durƙusa nesa da tabarmar.

Ya ce, “Ranar nan na ji ki.”

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

“Tun kiran farko na ji. Na kuma san ba za ki fito gaban maza haka a banza ba. Amma mutane suna kallo. Idan na juyo, za a ce wane ya amsa wa 'yar fari a bainar jama'a.” Ya lalubi butar ya jawo ta gabansa. “Sai na ce bari in harba tukuna, in ya so daga baya uwarki ta tambaye ki abin da kike so.”

Ya fara alwalarsa, ni kuma na tashi na fita. Wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi da mahaifina, kuma ba mu sake yin wata ba har ya rasu.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, in samu in huta. Na gwada mijina da tarkacensa, na gwada mahaifina da taurin kansa, abin bai zauna a kan kowa ba. Kowa a cikinmu ya yi abin da aka koya masa cewa shi ne mutunci, kuma an faɗi gaskiya, an kuma ji ta. Ban ce kunya ba ta da kyau ba, da ita aka rene ni, kuma har gobe ina ganin ƙimarta. Amma ni na ga abin da ta ci a gidanmu, kuma har yau idan na ji ƙarar harbi a biki sai in nemi wuri in zauna.

Yaron nan yanzu shi ma ya yi furfura, yana da nasa jikokin. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi, ta ko'ina dai bai kamata in kula shi a gaban mutane ba. Amma tun yana tatata, idan ya ce Inna, ko a tsakiyar kasuwa ne, ko a gidan biki, ina juyowa in amsa tun bai rufe baki ba. Matan lungunmu sun yi shekaru suna cewa ba ni da kunya. Ban taɓa yi musu musu ba.